Wasiƙa daga Liyon: bas mai mikoro biyu da abin da salula ke haɗiyewa

Assalamu alaikum ƴan uwana na Maraɗi. Ina gaida iyayenmu da girmamawa, ina gaida samarin fada daga Bagalam zuwa Sabon Gari da Zariya, musamman ku da kuke raba dare kuna koyon kiɗa da kayan aro. Nan Liyon ta Faransa sanyi ya kama sosai, na san ku ma hunturu ya fara tsaga muku leɓe.

Ɗan yayata ne ya ja ni rubutun nan. Ya yi wata da watanni yana tara abin da yake samu a kabu-kabu, yanzu wani ɗan kasuwa zai taho masa da gitar bas daga Kano. Ya turo mini hotuna biyu a WhatsApp, ya ce, "Kawu, wanne zan ɗauka? Wannan mikoro ɗaya gare shi, wancan biyu, kuma mai biyun ya ɗan fi tsada." Na fara ba shi amsa da murya, na ga minti bakwai sun wuce ban ma kai rabi ba. Sai na ce bari in rubuta kowa ya gani, tunda ba shi kaɗai ke da tambayar ba.

Na ce masa ya ɗauki mai biyu. Dalilin ne mai tsawo.

Kafin in taɓa bas, gurmi na fara taɓawa, na wani tsoho da ke zama kusa da gidanmu. Shi ya nuna mini abin da daga baya na tarar Turawa sun rubuta littattafai a kansa: tsirkiya ɗaya ce, amma in ka kaɗa ta kusa da jaki, wato ɗan abin da tsirkiya ke hawa kansa a wajen gindi, sai ta yi magana siririya mai kaifi, in ka matsa wajen wuya sai muryar ta yi kauri ta yi laushi. Mai ganga ma ya san haka, tsakiyar fata daban, bakinta daban. Matan da ke kiɗan ƙwarya sun fi kowa sani. Dalili shi ne tsirkiya ba ta rawa iri ɗaya a duk tsawonta. Wajen tsakiya tana lilo da faɗi, can ne uwar muryar take. Kusa da jaki an danne ta, lilon kaɗan ne, ƙananan amo masu kaifi su ne suka fi fitowa.

Shi kuwa mikoron bas, kada sunan ya ruɗe ku, ba irin na mai waƙa ba ne, ba ya jin iska. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta motsa a kansa sai ɗan ƙaramin kuran ya taso a cikin wayar, ampuli ya ɗauka ya ƙara masa ƙarfi. Abin da ke daidai samansa kawai yake ji. Saboda haka mai mikoro ɗaya kunne ɗaya gare shi, a kafe wuri ɗaya. Mai biyu yana da kunne a wajen wuya da wani a wajen jaki, kuma kai ke zaɓar wanda za a saurara, ko a gauraya su.

Wani Ba'amurke mai gyaran rediyo a Kalifoniya, Leo Fender, wanda shi kansa ba makaɗi ba ne, ya fitar da Precision Bass a 1951, mai mikoro ɗaya. A 1960 ya fitar da Jazz Bass mai biyu, wuyansa ya fi siranta a wajen kai. Kusan duk bas ɗin da za ku gani a kasuwa yau, ko na China ne marar suna, jikan ɗayan biyun nan ne. A nan sai a kula: tun 1957 mikoron Precision rabe yake gida biyu, rabi ƙarƙashin manyan tsirkiyoyi, rabi ƙarƙashin ƙanana, a ɗan goce. Mai saye yakan ga ƙwaya biyu ya ɗauka mikoro biyu ne, alhali ɗaya ne. Ku ƙirga abin murɗawa, wato buton. In biyu ne, yawanci mikoro ɗaya ke nan. Jazz Bass na gargajiya uku gare shi: ƙarar na wuya, ƙarar na jaki, sai na ukun mai rage kaifi.

Tazarar da ke tsakanin mikoron biyu ba ta wuce santimita 9 zuwa 10 ba, a kan tsirkiya mai tsawon santimita 86. Za ku ce wannan ɗan taƙin me zai canza? To a farkon shekarun 1970 kamfanin ya matsar da na baya wajen jaki da kimanin santimita 1 kacal, har gobe makaɗa suna musu a kan wane zubi ya fi daɗi.

Ni kam da kunya na koyi darasin. Shekarata ta farko a nan na shiga wata ƙungiya ta ƴan Afirka da ke kiɗan biki a ƙarshen mako, akwai ƴan Kwango, ɗan Senegal, ƴan Mali biyu. Yadda na saba a gida, komai a murɗe shi ƙarshe, ampuli ma a cika masa gindi har tagogi su yi rawa. Muna cikin gwajin wani kiɗan Kwango mai sauri, dattijon da ke jan gita ya ɗaga hannu aka tsaya. Bai yi mini faɗa ba. Ya matso, ya sa yatsa biyu ya rage buton na wuya kaɗan, ya kama hannuna na dama ya mayar da shi kan mikoron jaki, ya ce in sake. Wallahi sai na ji kamar an sauya mini kaya. Da ina gurnani kamar babbar mota a hanyar Ɗan Isa, yanzu kowace ƙwaya tana fita ɗai-ɗai, ana jin inda ta fara da inda ta ƙare. Ya ce, "Ɗana, ɗazu ƙirjina ke jin ka, yanzu kunnena ke jin ka." Shekara huɗu ina riƙe da bas ɗin nan ban san abin da ke cikinsa ba.

Tun daga ranar na shiga bincike. Mikoron wuya shi kaɗai, a rage kaifi, a kaɗa da tsokar yatsa kusa da wuya: murya ce mai kauri mai zagaye, kamar babbar ganga daga nesa. Ita ce ta rege. Marigayi Aston Barrett, mai bas ɗin Bob Marley, wanda ya rasu a 2024, da Jazz Bass ya yi yawancin aikinsa, kuma wa zai ce muryarsa siririya ce? Na jaki shi kaɗai kuwa magana yake ta hanci, a matse, mai ɗan tsami. Jaco Pastorius ya gina sunansa a kanta, bayan ya cire ƙarafan matakan wuyan nasa don tsirkiya ta riƙa zamewa kamar ta goge. In kuma aka buɗe biyun duka, wani abin mamaki ke faruwa: da yake wurare biyu suke saurare, wasu amon tsakiya sai su kashe juna, ƙasa ta yi zurfi, sama ta yi ƙyalli, tsakiya ta rame. Wannan ce muryar masu marin tsirkiya da babban yatsa, irin su Marcus Miller da ya yi aiki da Miles Davis. Mutum uku, zubin kaya ɗaya, in ka rufe ido ba ka taɓa cewa dangi ne.

Daɗin abin ma ba a ƙarshen murɗawa yake ba. A buɗe biyun duka, sannan a rage ɗaya ɗan ƙanƙani, kamar yadda ake rage wutar shayi na biyu. Yawancin canjin a cikin wannan ɗan taƙin yake. In ka zarce rabi, kusan daidai yake da ka kashe shi gaba ɗaya.

Amma ga abin da ya fi damuna, shi ne ainihin dalilin wasiƙar. A ina mutanen Maraɗi ke sauraron kiɗa yau? A salula. Mai shago, mai kabu-kabu, amarya a ɗaki, duk ɗan ramin nan na gindin waya suke kasa wa kunne. Babbar tsirkiyar bas in an sake ta tana rawa sau 41 a daƙiƙa. Sifikar salula ba ta iya furta wannan ko kusa da shi, haɗiye shi take yi. Kuna turo mini bidiyon biki, ina ganin yaro yana gumi, yatsunsa suna gudu, amma ba na jin komai sai piyano da muryar mawaƙi. A filin kuwa na tabbata bafal yana girgiza ciki. Abin da ke ceton mai bas a waya shi ne ƙananan amon nan masu kaifi da ke hawa kan uwar muryar. In suna nan, kunnen mutum da kansa yake cike gurbin uwar ko ba ta fito ba. Kuma mikoron jaki ne ya fi kwaso su. Wanda ya cika gindi ya kashe kaifi don a ji shi a filin biki, ya goge kansa daga duk wayar da za ta ɗauki bikin.

Shi ya sa nake jin haushi in an ce piyano ya kashe mai bas a ƙasar Hausa. Gaskiya ne mai biki ya fi son ya biya mutum ɗaya da ke fitar da ganga da bas da algaita daga akwati guda. Amma mu ma mun taimaka. Mun mayar da bas abin yin dum-dum a baya, wanda kowane inji zai iya. Harshenmu kuwa harshen hawa da sauka ne, shi ya sa kalangu ke kiran sunan mutum ya waiwayo. Bas ɗin da aka karkatar wajen jaki, aka kaɗa shi gajere-gajere ana danne tsirkiya, yana iya bin bakin kalangu, ya amsa masa, ya yi kirari. Na gwada wannan a wani bikin ƴan Nijar a nan, na ɗauki wani take da kowa ya sani tun yarinta na bi shi da bas kaɗai. Wata hajiya ta taso daga kujera ta liƙa mini Yuro 10 a goshi. Ban taɓa ganin an yi wa mai bas liƙi ba sai ranar.

Akwai kuma maganar ƙugi, wadda ta fi shafar ku fiye da mu. Mikoron Jazz Bass kowanne shi kaɗai yana kwasar ƙugin kuran, zuuu ɗin nan da ba ya tsayawa. Kuran ɗin Nijar da na Faransa duka sau 50 yake juyawa a daƙiƙa, mataki na uku na babbar tsirkiya kuma 49 ne, don haka ƙugin kamar wani ɗan amshi ne marar kunne da ya tsaya a gefenka. An naɗa wayar mikoron biyu a saɓa wa juna, maganaɗisun ma haka, ta yadda in an buɗe su daidai wa daida ƙugin ɗaya yana cinye na ɗayan. A wurin da ake aiki da gurup, wato janareta, ga waya a jone-jone ba ta ƙasa, ga fitilu kusa, wani dare ba ka da zaɓi sai ka buɗe biyun, ka nemi sauran canjin a hannunka: ka matsa wajen jaki ko wajen wuya, yadda tsohon nan mai gurmi ke yi. Wani lokaci juya jiki kawai, ka ba ampuli gefe, yana rage shi.

Kada a ce na raina mai mikoro ɗaya. James Jamerson ya yi kusan duk aikinsa na kamfanin waƙoƙin Motown a Ditroyit ta Amurka da Precision, muryarsa guda ce amma tana zama cikin kiɗa daram. Wanda yake da hali ya mallaki biyun. Sai dai ɗan yayata abu ɗaya zai saya, kuma da shi zai je bikin Hausawa ranar Juma'a, ya raka masu gitar Abzinawa ranar Asabar, wani ya kira shi rege ko kiɗan Kwango. Akwai ma wanda aka haɗa masa mikoron Precision a gaba da na Jazz a baya, ana ce masa PJ, Yamaha da Squier da Ibanez duk suna yin irinsa da sauƙin kuɗi. In ya samu wannan, abin nema ya samu.

Ɗana, ga saƙonka kai tsaye. Ka guji mai batir a ciki in ba dole ba, don ranar da ƙaramin batir ɗin nan mai bolt 9 zai mutu, tsakiyar biki zai mutu. Ka ce wa mai sayowa a jona shi a ampuli a gabansa, ya buɗe kowane mikoro shi kaɗai, ya ƙwanƙwasa kansa da makulli a hankali, ya ji ko duka biyun suna amsawa. Ya murɗa buton ɗin ya ji ko suna ƙarar yashi. Ya duba wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba sandar rake, kada ya zama ya murɗe. In ya iso, kada ka bar shi a rana ko a jingine a bango cikin hunturun nan, itace ne, bushewa yake ya lanƙwashe. Ka ɗinka masa riga ko ta buhu ce saboda ƙura.

Tsirkiya saiti biyu na nan na saya maka, zan ba wani ɗan Tibiri da zai taho gida bayan azumi. Kafin nan ka ɗauki take ɗaya, ka kaɗa shi sau uku, na wuya, na jaki, sannan biyun tare, ka ɗauka da salularka daga nisan taku biyar ka turo mini. Kada ka gaya mini wanne ne wanne, ni zan faɗa.

A gaida yaya, a ce mata ba ni na sa ka kiɗa ba, tarar da kai na yi a ciki. A gaida mutanen fada duka.

Naku,
wani ɗan Maraɗi a Liyon