Idan allurar baƙin mai ta fara sauka

Yawancin injunan tirela da ake saukewa a gareji saboda sun buga, ba ranar da suka buga matsalar ta faro ba. Allurar baƙin mai, wato wadda ke nuna ƙarfin man inji a gaban direba, ta jima tana ja da baya, ba wanda ya kula. Jar fitilar da direbobi ke jira a motoci da yawa ba ta kamawa sai ƙarfin man ya faɗi zuwa wajen rabin bar (bar shi ne ma'aunin ƙarfin man), kuma injin da ke jan kaya a kan wannan ƙarfin ya riga ya fara cin metal ɗinsa, wato ƙarafan da karanshaf, babbar sandar inji, ke juyawa a cikinsu.

Famfon mai tura mai kawai yake yi. Ƙarfin da allura ke nunawa yana samuwa ne saboda man na matsewa ta 'yar tazarar da ke tsakanin karanshaf da metal, tazarar da ba ta wuce kaurin gashin kai ba, wajen milimita 0.05 zuwa 0.1. In metal ya cinye, tazarar ta buɗe, man ya riƙa zurarewa, allura ta sauka ko da famfon sabo ne fil. Shi ya sa sauya famfo da gaggawa yakan zama asarar kuɗi. Kowane inji da adadinsa a littafin kamfani, amma galibi injin da ya yi zafi yana riƙe wajen bar 1 ko sama a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, bar 3 zuwa 5 a kan gudu. Awon safiya ba abin dogaro ba ne, don man sanyi na da kauri, kowane tsohon inji zai nuna lafiya. A duba bayan an yi tafiya mai nisa, a ranar zafi irin ta Afrilu a hanyar Sakkwato ko Maiduguri, a riƙe wannan adadin a ka. Ranar da ya ragu da rabin bar ba dalili, a fara bincike.

In fitila ta kama a hanya, a sauka gefe a kashe inji. Maganar "bari mu ƙarasa gari" ita ke mayar da gyaran ƙaramin kuɗi zuwa sayen karanshaf. Bayan kamar minti biyar a zaro sandar awo. Man da ya yi ƙasa, a nemo inda yake zuba. Man da ya haura alama kuma ya fi ban tsoro: in ya tsinke yana warin dizal, nozul ne ke zubar da dizal cikin inji, in ya koma fari-fari kamar an dama madara, ruwan lagireto ya shiga ta kular mai ko ta gaskit ɗin kan inji. Duk biyun ba a ci gaba da tafiya da su.

In man daidai yake, sai a cire sansa, wato na'urar da ke aika awon ƙarfin mai zuwa allura, a ɗaura gejin hannu a gurbinsa. Sansa na ƙarya, waya na tsinkewa, amma gejin hannu ne kaɗai zai wanke injin, ba rantsuwar mai wayarin ba. Idan shi ma ya nuna ƙasa, a bi daga mai sauƙi: filta, sai bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai in ya yi yawa, wanda datti kan maƙale shi a buɗe, sai a sauke kwanon mai a duba ragar bututun tsotso. Ragar kan toshe da dasƙararren mai ko guntayen gam ɗin da aka lafta wa gaskit. A yanka tsohuwar filta a baje takardarta a rana. Ƙyalli mai launin tagulla ko azurfa na nufin metal ya tafi.

Akwai dabarar da ta yaɗu, ta zuba man da ya fi kauri ko maganin ƙara kauri don allura ta ɗaga. Za ta ɗaga, amma tazarar na nan, kuma da safe man zai makara kafin ya isa tobo. Man inji 15W-40 na gaskiya, mai darajar CI-4 ko abin da kamfani ya rubuta, da filta ta asali, sun fi wannan. A lokacin hunturu kuma filtar iska ta zama abin dubawa kullum, don ƙurar da ta wuce ta cikin man take ƙarewa.

Motocin zamani ƙwaƙwalwarsu na rage ƙarfin inji in mai ya faɗi, wasu ma su kashe shi. A injunan Cummins jar fitila kan yi ta ƙiftawa na daƙiƙa 30 kafin ƙwaƙwalwar ta kashe injin. Yanke wannan kariya don mota "ta daina damun mutane" ganganci ne. Tsofaffin motoci ana iya ɗaura musu makunni irin na Murphy, wanda ke datse dizal, da maɓallin da ake dannewa wajen tayarwa har ƙarfin ya hau. Sai dai a haɗa shi da ƙararrawa da jinkiri. Injin da ya mutu farat ɗaya a gangaren Hawan Kibo da ke jihar Filato ya tafi da taushin sitiyari, kwamfiresa kuma ta daina cika tankin iskar birki, don haka dole direba ya samu 'yan daƙiƙun da zai sauka gefe tukuna.