Kan sarkin Tuvalu: kuskuren da aka buga da gangan

Duk faɗin ƙasar Tuvalu murabba'in kilomita 26 ne a tsakiyar tekun Fasifik, kuma ba a taɓa shimfiɗa layin dogo ko taku ɗaya a cikinta ba. Amma a kundina akwai shafuka cike da kan sarki masu hoton jiragen ƙasa na Ingila da Amurka, ɗauke da sunan tsibiranta Nukulaelae, Niutao, Nui da Vaitupu. Har yau in na buɗe wurin sai raina ya sosu.

Abin da ya ja ni ga Tuvalu shi ne ƙuruciyarta, mutum zai iya bin tarihin gidan wayarta tun daga tushe. Da can tsibiran Ellice ake kiran ta, haɗe da tsibiran Gilbert a ƙarƙashin Birtaniya, kan sarkinsu na farko a 1911 ma na Fiji ne aka buga wa sabon suna a kai. A 1974 mutanen Ellice suka zaɓi rabuwa a ƙuri'ar raba gardama. Ranar 1 ga Janairu 1976 aka fitar da tsofaffin kan sarkin Gilbert da Ellice, an danne tsohon sunan an buga TUVALU. 'Yancin kai ya zo ranar 1 ga Oktoba 1978. Waɗannan duk na same su cikin sauƙi, da araha kuma.

Tsiyar tana tsakanin 1984 da 1988. A lokacin ne wani kamfani a Ingila ya riƙa bugawa da sayar da kan sarki da sunan ƙasar, jerin da ake kira Leaders of the World: jiragen ƙasa, motoci, 'yan wasan kurket. Ba na ƙasa kaɗai ba, tsibirai takwas kowanne aka yi masa nasa. Ƙasar da mutanenta a lokacin ba su kai dubu goma ba, wasiƙa nawa za su aika? Ba don masunta na Nanumea aka buga su ba, don aljihun irinmu aka yi.

Wani dillali a intanet ya tallata min waɗanda ya ce kurakuran madaba'a ne. Wani babu haƙora a gefensa, wani an bar launi ɗaya ba a buga ba, jirgin ya fito fari fat. Kowane mai tara kan sarki ya san kuskure na gaskiya zinari ne. Kuɗin da na tura zai sayi ragon layya mai kyau.

Da suka iso na kai wa wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan waya. Ya ɗaga ɗaya da hantsaki, ya duba ta gilashi, ya ajiye. Ya ce, "Ɗana, kuskuren da za ka samu a shago goma ba kuskure ba ne, haja ce." Na koma na bincika, sai ga irinsu birjik a wuraren gwanjo. Ashe da yawansu da gangan aka yi su, sannan da madaba'ar ta durƙushe sai ragowar abin da ke rumbunta, har da takardun gwaji, ya malalo kasuwa. Katalog ɗin Stanley Gibbons, littafin da masu tara kan sarki ke dogaro da shi, ma bai ba wa na tsibiran nan cikakkiyar lamba ba, can ƙarshe ya tura su a rataye. Dillalin nan ya san haka sarai.

Don haka kafin ka biya kuɗin kowane "kuskure" na shekarun nan, nemi irinsa a wajen wasu masu sayarwa. In ka ga biyu, rufe jakarka. Haka masu hatimi: juya bayansu. In hatimin ya zauna tsaf a kusurwa, dankon baya kuma yana nan sumul, to a ofis aka buga masa don masu tarawa, bai taɓa hawa ambulan ba.

Abin da ke da wuyar samu a Tuvalu shi ne wasiƙar da aka aika da gaske. Na dace da guda ɗaya daga Vaitupu, inda makarantar sakandaren Motufoua take: ambulan mai ruwan ƙasa, gefensa ya tauye, adireshin da biro, hatimin ya karkace har rabin kwanan watan bai fito ba. Jirgin ruwa ne ke kwaso irinta zuwa Funafuti, babban birnin ƙasar, daga nan ta bi ta Fiji. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da jiragen nan suka ci min ba.

Su kuwa na yi ƙoƙarin rabuwa da su. Wanda ya fi kowa tayi cewa ya yi in haɗa masa da kundin, don kundin yake so.