Littafin ma'aji da kunyar 'yan ƙungiya

Shekara tara ke nan ana cirar wani abu daga albashina duk ƙarshen wata ana zubawa a ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinmu a nan Sakkwato, kuma ba zan yi butulci ba, da bashin wannan ƙungiya na sayi filin da nake zaune a kansa, da shi kuma na yi rufin ɗakuna biyu na farko. Saboda haka abin da zan faɗa a nan magana ce ta ɗan gida, wanda ya ci moriyar ganga kuma ba shi da niyyar ya da kwaurenta.

Tun kafin in san wata ƙungiya mai rajista na san adashi. Mahaifiyata tana zubi wurin wata dattijuwa a unguwarmu, ni ake aike da kuɗin ranar Juma'a a ƙulle cikin leda, uwar adashin kuma ba ta da littafi, sai dai ta ja layi da gawayi a bangon ɗakinta ta bayan ƙofa. Ban taɓa jin an ce kwasar wata ta salwanta ba. Abin da ya riƙe wannan adashi shi ne kowa ta san gidan kowa, wadda duk ta ƙi zubi bayan ta kwasa ta san ba za ta iya shiga gidan suna ko na biki ta ɗaga kai ba.

A kan wannan sanayya aka gina ƙungiyoyin ajiya da ba da bashi ko'ina a duniya. Lokacin da Friedrich Raiffeisen ya kafa tasa a Heddesdorf ta ƙasar Jamus a 1864, manoman da ya tara ba su da abin jinginarwa da banki zai karɓa, amma sun san wanda ke biyan bashi a cikinsu da wanda ba ya biya. A Afirka ana danganta irin wannan ƙungiya ta farko da garin Jirapa na arewacin Ghana, a 1955. A Nijeriya kuwa Turawan mulkin mallaka sun gayyato C. F. Strickland, wani masanin harkar ƙungiyoyin gama-kai, ya yi nazari a kan yiwuwar kafa su, ya miƙa rahotonsa a 1934, aka kafa dokar ƙungiyoyin gama-kai a 1935. Bambancin waɗannan ƙungiyoyi da adashi shi ne kuɗin ba ya ƙarewa da zagaye guda, yana taruwa ya zama jari, ana ba mamba bashin da ya ninka ajiyarsa, 'yan uwansa biyu su tsaya masa, a ƙarshen shekara kuma a raba abin da aka samu.

Amfanin wannan tsari ya fi fitowa fili idan mutum ya dubi manomin albasa na Kware ko Wurno. Yana cire albasarsa a ƙarshen rani, daidai lokacin da kowa ya cire tasa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa. Ya sani sarai cewa in da zai zuba ta a rudu ya jira wasu watanni buhun zai yi tsada sosai, amma mai taki yana binsa, mai fetur ɗin injin ban ruwa yana binsa, ga cefanen gida. Dole ya sayar wa dillali, dillalin ya adana, ribar jiran ta zama tasa. Ɗan bashin wata huɗu ko biyar shi ne tsakanin manomin nan da wannan riba, kuma babu bankin kasuwanci da zai buɗe masa fayil a kan haka, domin kuɗin zuwa a ga gonarsa ma ya kusa cinye abin da bankin zai samu. Binciken da EFInA, wata cibiya mai nazarin yadda jama'a ke samun hidimomin kuɗi, ta yi a 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin ɗari na manyan mutane a Nijeriya ba su da wata hulɗa da harkar kuɗi, ta banki ko wadda ba ta banki ba, kuma shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ce ta fi kowace yawan irin waɗannan mutane.

Akwai kuma batun kuɗin ruwa, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne. Na san abokan aiki da dama da suka gwammace su zauna cikin haya shekara ashirin da su karɓi bashin da za a ɗora masa ruwa. Ƙungiyarmu ta warware wannan da hanyar murabaha, wato ita ke sayen kayan, babur ne ko kwanon rufi ko buhunan shinkafa da sukari gab da azumi, ta sayar wa mamba da ribar da aka yi ittifaƙi a kanta tun farko, ya biya kaɗan-kaɗan. Ragon layya ma haka ake yi. A ganina wannan kaɗai ya jawo mutane cikin ƙungiyar fiye da duk wani wa'azin tsimi da tanadi da aka taɓa yi mana.

Sai dai sanayyar da ke sa a biya bashi ita ce kuma ke rufe bakin mutane idan aka zo maganar lissafi. A babban taronmu na bara, ma'aji ya tashi ya karanta rahoton shekara cikin minti goma, lambobi suna bin juna kamar ana karanta sunayen 'yan makaranta, aka yi kabbara, aka fara raba lemo. Shekara uku ke nan ba a kawo mai binciken kuɗi daga waje ba, kowa ya san haka, amma ma'ajin nan shi ke jan mu salla a masallacin ofis, shugaban kuma ya girmi yawancinmu. Can sai wani dattijo mai gadi, wanda ajiyarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ta manyanmu ba, ya miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, ba zargin kowa nika yi ba, amma ina son a gwada muna sunayen waɗanda ƙungiya ka bi bashi." Ɗakin ya yi tsit. Ni kaina sunkuyar da kai na yi, alhali tambayar ta daɗe tana cina.

Da aka kawo littafin bayan mako biyu, ba a sami sata ba. Abin da aka samu shi ne manyan basussuka guda biyar, duk na 'yan kwamiti ne ko na waɗanda suke jin nauyinsu, wa'adinsu ya wuce da daɗewa, babu wanda ya iya zuwa ya ce a biya. A wannan tsakani ƙananan ma'aikata suna bin layi wata shida ana ce musu asusu babu kuɗi.

Ƙasashen da ƙungiyoyinsu suka girma sun fahimci cewa idan mambobi suka wuce adadin da za su san juna, dole doka ta karɓi aikin da kunya take yi a da. Kenya, inda waɗannan ƙungiyoyi da suke kira SACCO suka zama ginshiƙin malaman makaranta da manoman shayi da masu motocin haya, ta yi doka ta musamman a 2008 ta kafa hukumar SASRA, wadda ke ba ƙungiyoyi masu karɓar ajiya lasisi, tana kuma tilasta musu riƙe wani adadi na jari da miƙa rahoton kuɗi a kai a kai. Ruwanda ta bi wata hanyar daga 2009, inda gwamnati ta sa aka kafa ƙungiya guda a kowace gunduma daga cikin gundumominta 416, babban bankin ƙasar kuma yana sa ido a kansu. Mu a nan rajista ake yi a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama-kai na jiha ƙarƙashin dokar 1993 da dokokin jihohi, kuma inshorar ajiya ta hukumar NDIC, wadda ke kare mai kuɗi a banki, ba ta rufe kuɗin da ke hannun ƙungiyar gama-kai. Mambobinmu da yawa ba su san wannan ba sai ranar da na faɗa musu.

Wata matsalar ba laifin kowane ma'aji ba ce. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, ribar da ƙungiya ke rabawa kuwa ba ta kusanci haka ba, don haka mai ajiya yana asara a ɓoye, mai cin bashi yana biya da kuɗin da darajarsa ta ragu. Nan da nan kowa ya gane, masu neman bashi suka ƙaru, masu ƙara zubi suka ragu. Ga shi kuma dukkanmu albashi guda muke jira, duk watan da ya makara zubi da biyan bashi suna tsayawa tare.

A taron gaggawa da ya biyo baya mun amince da abu uku: za a riƙa kawo mai binciken kuɗi daga waje kowace shekara, ɗan kwamiti ba zai karɓi bashi ba sai babban taro ya sani, kuma za a liƙa jerin masu bashin da wa'adinsu ya wuce a allon sanarwa duk wata uku. Na ukun ne ya jawo gardama mafi zafi, wasu suna cewa tonon asiri ne kuma bai dace da Musulmi ba, har aka sasanta a kan cewa lambar mamba za a rubuta maimakon suna. An liƙa jerin farko a watan jiya. Uku daga cikin manyan basussukan nan an fara biyansu kafin takardar ta kwana bakwai a allo, biyu suna nan yadda suke, dattijon nan mai gadi kuma an zaɓe shi cikin kwamitin sa ido, ko da yake ya ce sai an haɗa shi da wanda zai riƙa karanta masa lambobin.