Zolaya a talla: wa ake yi wa dariyar?

Aikinmu rubuta talla ne da naɗar ta, ta rediyo da gajerun bidiyo na intanet, kuma barkwanci ne jarinmu. Kafin layi ɗaya ya fita daga sutudiyonmu, sai mun karanta wa mutanen da ba su san kayan ba, mu zuba wa fuskokinsu ido. Dariyar jin daɗi daban, dariyar yaƙe daban.

Wajen maigidana na koyi wannan. Tallata ta farko a kan wani mai in'ina ce da ya kasa faɗin sunan kaya. Kowa a ɗakin ya ƙyalƙyale, ban da shi. Ya miƙo mini takardar ya ce: "Yaro, mahaifiyar mai in'ina ma tana sauraron rediyo, kuma ita ce mai sayen kayan." Sau uku na sake rubutun kafin ya yarda.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kwastoman da zai zo ya ce, "Ku yi wa abokin hamayyata kaca-kaca," sannan ya tsaya ciniki wai wani yaro zai yi masa da waya a rabin kuɗi. Zai yi ɗin, amma da me? Da yi wa mai ƙiba ko gurgu izgili. A yi ta tura bidiyon, a manta sunan kayan, wanda aka taɓa kuwa ya riƙe kamfanin a zuciya.

Shaguɓe yana aiki idan an iya shi. Daga 2006 zuwa 2009 Apple ya yi ta zolayar kwamfutocin Windows da mutum biyu tsaye suna hira, amma wanda ake zolayar mai shiga rai ne, har tausayinsa kake ji. Duk da haka sai da Microsoft, mai Windows ɗin, ya mayar da martani a 2008. Samsung kuwa ya yi wa Apple ba'a a 2020 kan cire caja daga kwalin iPhone 12, sai ga wayarsa Galaxy S21 ta fito a Janairun 2021 ita ma babu caja.

Shi ya sa mu matsalar muke zolaya: batirin da ke mutuwa ana tsakiyar magana, dogon layin da ba ya motsi. Ko a makon jiya mun mayar wa wani kuɗinsa saboda ya dage sai an kwaikwayi muryar tsofaffi.