Kati ya shiga, wuta ta ƙi

Laraba, sha ɗaya na dare ta wuce.

Kwalin yana nan a kan durowa, ina kallonsa yana kallona. Uwargida ta shigo sau biyu ta fita ba ta ce uffan ba, kuma wallahi gara a ce ta yi magana.

Da safe fa da murnata na tashi. Alat ɗin Alhaji ya shigo tun jiya da la'asar, rabin kuɗin zanen gidajen nan shida, na haɗa da kwasar adashin da na yi wancan watan. Na daɗe ina kuka da tsohon katina, wato katin hoto da ke cikin kwamfutar da nake zanen gidaje da ita. Quadro K2200 ne mai giga 4, ƙirar 2014, da shi kwamfutar ta zo hannuna. Ya yi mini bauta, ba zan ci amanarsa ba. Amma tun da na zuba bishiyoyi da motoci da intalok a aikin Alhaji, da na danna renda, wato a fitar da cikakken hoton zanen, sai Blender, manhajar da nake aiki da ita, ya ce ma'ajiyar kati ta cika. Dole in mayar da aikin kan furosesa, hoto ɗaya ya kwana yana dahuwa, in an ɗauke wuta da asuba kuma a koma farko.

Adaidaita zuwa Beirut Road, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Kano. Cunkoso, ƙura, direba yana faɗa da wani mai kurkura tun daga Ƙofar Nassarawa.

Na san abin da na je saye, kada ku ce ban yi karatu ba. Sati uku ina bincike. RTX 3060 mai giga 12 nake so, ba 4060 ba, duk da ita ce ta fito daga baya, a 2023, kuma ta fi sauƙin cin wuta. Giga 8 gare ta, ni kuwa matsalata wurin zuba kaya ce, ba gudu ba. Har bayani na tsaya ina yi wa mai shagon a kan wannan, yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Ya ciro ɗaya na hannu, mai fanka biyu, a kwalinsa. Ya ce dubu 400.

Na ce haba Alhaji, katin da ya fito tun 2021?

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga Wapa nan ba nisa, je ka tambayo dala ka dawo mu yi magana."

Abin haushin, yana da gaskiya. Dala 329 aka sa wa katin nan ranar da ya fito. Lokacin da dala take wajen naira 460 a banki, kafin a saki naira a watan Yunin 2023, lissafin bai wuce dubu 150 da 'yan kai ba. Buga shi a naira 1,500, kamar yadda dala take a lokacin, ka gani: kusan rabin miliyan. Kati ya tsufa a can, a nan kullum ƙara ango yake. Na tambaye shi ko ba cikin waɗanda aka yi haƙar kirifto da su ba ne, don tun da Ethereum ya daina amfani da katuna a Satumbar 2022 aka yi ta juye su a kasuwannin duniya, wasu sun shekara suna gudu ba dare ba rana. Ya rantse, ya sa a kwamfutar shago, hoto ya fito tas, fanka ba ƙara. Muka daidaita a dubu 375.

Ina cikin yin taransifa ne yaron shagon ya matso. Ba zai wuce shekara sha bakwai ba, siriri, da sukudireba a aljihun gaba. Tun shigowata yana gefe yana goge wani bod da burushi.

"Oga, a wace kwamfuta za ka sa shi?"

Na ce Z440, ban ko ɗago kai ba.

"Ta 525 ce ko ta 700?"

Na ɗago na dube shi. Na yi 'yar dariyar nan da babba yake yi wa yaro. Na ce, "Kai, wokisteshan ce fa, ba irin ta kafe ba. Xeon ne a ciki."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, maigidansa ya ce, "Kai dalla je ka kawo leda. Ai ramin duk ɗaya ne." Yaron ya dube ni kamar na daƙiƙa biyu, ya juya ya tafi. Da ya dawo ya miƙo mini ledar da hannu biyu, ya ce Allah ya sa albarka. Wannan kallon ne ya hana ni barci yanzu.

Gurasa da tsire a hanya, don murna. Na manta da maganin Hajiya, sai gobe.

Bayan la'asar na kwantar da kwamfutar a kan tabarma, na buɗe murfin gefe. Rabona da buɗe ta tun ranar da na ƙara mata ram, ƙurar da ke ciki kuwa sai ka shuka gero. Na cire tsohon, na saita sabon a ramin, na danna, ya ce ƙas. Mai shago bai yi ƙarya ba, ramin ɗaya ne. Ramin PCIe ba ya faɗa da kowa: nawa tsara ta 3 ne, katin tsara ta 4, kuma suna jituwa lafiya lau. Auta yana tsaye a kaina da fitilar waya yana cewa Abba ya zauna, ya zauna.

Sai na ga wata 'yar kafa a saman katin, mai ramuka takwas, tana jiran waya. Na shiga laluben wayoyin da suka fito daga fawa-fak ɗin, akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta. Ta hadis, ta DVD, waɗanda suka tafi bod. Na ɗaga wannan, na ja waccan. Babu. Na karɓi fitilar daga hannun Auta na haska takardar da ke manne a jikinsa.

525W.

Na zauna daɓas.

Na kira mutumina Injiniya, ya ɗauka a kira na uku, yana cikin mota. Da na gama ba shi labari ya yi shiru, sannan ya ce, "Mutumina, ba ka buɗe ta ba kafin ka fita?" Ya warware mini abin da ya kamata in sani tun sati uku da suka wuce. Ramin bod wat 75 kawai yake iya bayarwa. Tsohon katina bai kai haka ba, shi ya sa bai taɓa neman waya ba, ni kuma ban taɓa sanin ana nema ba. Sabon yana jan wat 170, sauran dole su biyo ta wayar nan mai fin takwas, wadda ke ɗaukar har 150. Z440 iri biyu ce ta fuskar wuta: mai 700 tana zuwa da wayoyi biyu masu fin shida-shida, a haɗe su da 'yar adafta su zama takwas, shi ke nan. Mai 525 an yi ta ne don ƙananan katuna irin nawa na da.

Na ce to in sayi fawa-fak a kasuwa mana, ga su nan birjik a France Road. Ya ce ba irin na gama-gari ba ne, bakin wayar da ke shiga bod ɗin daban yake, girman akwatin ma daban. Sai dai a nemo nata na 700, in babu a Kano a sa a duba Computer Village a Ikeja a ɗoro a mota.

Na ce akwai wata waya da na gani ana sayarwa, ana jona ta a wayar hadis ta fito da fin takwas. Nan ya ɗaga murya. "Kada ka soma! Bakin wayar hadis, wato SATA, wat hamsin da 'yan kai yake ɗauka. Za ta tashi, ka yi murna, ka sa renda ka kwanta, ka farka da warin roba. A ɗakin da 'ya'yanka suke kwana kusa?" Na ce na ji.

Sai ya ƙara da abin da ya ƙarasa ni: da na tambaya, akwai RTX A2000, wat 70 take ci, ba ta neman waya ko ɗaya, kuma akwai mai giga 12. Don irin kwamfutata aka yi ta. Tsada gare ta, samunta a nan sai an sha wuya, amma da aƙalla na san da ita.

A ƙasan rasit an buga da jan tawada cewa kaya in sun fita ba sa dawowa. Ban ga laifin mai shagon sosai ba. Ya sayar mini da abin da na nema da bakina, lafiyayye, har da laccata a kai. Abin da ke cina shi ne yaron nan ya yi mini tambayar da ta fi duk binciken da na yi, kyauta, kafin in danna lambobin sirri, ni kuwa na amsa masa da sunan furosesa. Shekara sama da goma ina cin abinci da kwamfuta. Ni ne mai yi wa yaran ofis faɗa in sun zana ƙofa ba su je sun auna wurin ba. Girman kai rawanin tsiya, Hajiya ta sha faɗa, ashe har a Beirut Road ana naɗa shi.

Kuma ya sani. Tun da na ce "wokisteshan ce fa" ya san ban taɓa duba takardar nan ba. Ya san abin da zai same ni bayan la'asar, ya miƙo mini leda da hannu biyu.

Na mayar da tsohon katin. Ya tashi ba gardama, kamar bai san an yi masa kishiya ba. Renda tana kan furosesa, kashi 9 cikin 100, Alhaji kuma yana son hotuna ranar Asabar.

Uwargida ta leƙo yanzu, ta ce, "Yallaɓai, a ɗauke kwalin ne ko a nan zai kwana?" Na ce a bar shi.

Gobe in Allah ya kai mu zan koma, bayan na kai wa Hajiya magani. In akwai wanda ya san inda ake samun na 700 a garin nan, yaron ne. Tun ɗazu nake juya yadda zan shiga shagon in wuce maigidan in tsaya a gabansa. Ko sunansa ban tambaya ba.