Bangon gabas na ɗakin Inna

Laraba. Zafi tun asuba, irin na ƙarshen bazara, kowa a tsakar gida ya kwana. Inna ta dama kunun tsamiya, aka sayo ƙosai, yaran Yaya suka yi masa rubdugu kafin manya su dawo daga masallaci. Auta sai rantsuwa yake wai biyu kacal ya samu, ga mai nan yana sheƙi a leɓensa. An sha dariya. Wajen hantsi hadari ya haɗo ta gabas, iska ta watsa shi, sai ƙura.

Ana cikin haka Yaya ya shigo da wani birkila, matashi, da tef ɗinsa a aljihu. Maganar bangon gabas na ɗakin Inna ce. Filastar simintin da aka yi masa bayan rasuwar Baffa ta kumbura, daga ƙasa wani ɓangare ya ɓalle ya zubo, ana hango jar ƙasar ciki ta yi lumus. Birkilan ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya karkaɗe hannu ya ce, "Alhaji, ai bangon nan ya mutu. A ture shi a sa bulo, kowa ya huta." Ba da raini ya faɗa ba, iya abin da aka koya masa ke nan. Amma maganar ta tsaya mini a rai har dare, don Baffa ne ya ɗora bangon da hannunsa tun ba a haifi Yaya ba, ya sha damina sama da arba'in ko tsagewa bai yi ba.

Inna tana bakin madafa tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam bai taɓa sa wa bangon nan siminti ba."

Yaya ya ce, "Inna, zamani ne ya zo da haka. Yaɓe duk shekara, wa zai riƙa yi?"

Ta ce, "To, ai shi ne."

Daga nan ba ta ƙara ba. Yaya ya sosa ƙeya, birkila ya shiga duba wayarsa.

Bangon bai mutu ba, shaƙe shi aka yi. Ƙasa tana shan danshi ta ɗan kumbura, rana ta fito ta bushe ta koma. Siminti kuwa ba ya motsi. In aka manna shi a kan ƙasa, damina ɗaya ta isa su rabu da juna, filastar ta yi ƙananan tsagu da ido ba ya kamawa da wuri. Ruwa ya shiga ta tsagun, wani danshin kuma ya hau ta gindin bango, duk su taru a baya su rasa mafita, tunda simintin ya toshe hanyar da iska da rana za su busar. Sai ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye, waje yana nan sumul. In ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, an riga an rabu. Kuma a ce bangon gabas! A nan ƙasar tamu hadari ta gabas yake tasowa, shi ne bangon da ruwa ke duka kai tsaye. Shi ya sa Baffa ya fi ba shi kauri, shi yake fara yi wa yaɓe, wata shekarar ma sau biyu.

Bayan azahar aka aika Auta ya ɗauko Yaron Baffa, tsohon yaron aikinsa na gini, a babur. Gemu ya yi fari fat, gwiwa ta ƙi, amma har yau ba wanda ke kiransa da wani suna. Ya gaida Inna a durƙushe, suka yi wa marigayi addu'a, sannan ya nemi tsohuwar wuƙa ya je bangon. Ya ɓamɓare simintin da ya saki, ya kankare ƙasar da ta yi laushi, bai yi nisan yatsa uku ba ya tarar da tauri. Ya ɗebo ɗan gari ya murza, ya shinshina. Ya ce wa Yaya, "Alhaji, tubalin lafiyarsa ƙalau. Fatar ce ta ruɓe. Wannan ƙasar ni na taka ta."

Birkilan ya matso, ya ce, "Baba, ƙasa ba ƙasa ba ce?"

Nan fa tsoho ya samu abin da yake so. Ya zauna a kan turmi ya fara, mu da muka sha jin wannan karatu a bakin Baffa muka yi shiru kamar yau muka fara ji. Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Mai yumɓu da yawa tana tsagewa in ta bushe, mai yashi da yawa ba ta kama jikinta. Jar ƙasa mai ɗan birji ake nema daga kududdufi, a farfasa ta, a jiƙa, a zuba ciyawar ramno, a tattake da ƙafa har ta haɗe. Ba a ranar ake aiki da ita ba. A bar ta ta kwana biyu, a sake jiƙawa a sake takawa, a kuma maimaita, har sai ta yi danƙo ta fara wari. Baffa da hanci yake gane ta nuna. Sannan a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a jera a rana kamar mako biyu. Wanda aka ɗora bai bushe har ciki ba, shi ne ke zama daga baya ya ja bango ya tsage.

Wajen ɗorawa, tsinin ke kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a danna sosai kada a bar rami, don ramin nan ne gidan gara da ɓera. Bangon Inna tubali huɗu ne a gindi, yana hawa yana sirancewa har ya koma biyu a sama. Magini yana zaune a kan bangon ya wara ƙafa, lebura na jefo masa tubali yana cafewa. Kuma ba a zarcewa. In an ɗora 'yan layuka sai a sauka a bar su su sha iska, gobe a ci gaba. Masu gida da yawa sun yi fushi da Baffa a kan wannan, suna ganin jan aiki yake don kuɗin yini ya ƙaru. Bai taɓa musu da kowa ba, sai ya ce in ana sauri a nemi wani. Galibi sukan dawo.

Birkila ya ɗaga kai ya kalli rufin ta ƙofa. Ya tambayi ko katako ne. Azara ce, giginya da aka tsaga, gara ba ta cinta da daɗi. Amma tana da iyaka: in ta wuce kamar ƙafa shida ba abin da ya tallafe ta, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. Don haka ɗakin da ya fi haka faɗi sai an fito da tauyi daga saman bango an rage tazarar, ko a ɗaura baka. Bakan zauren gidan nan Baffa ya ɗaura shi, azara a kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa da igiya ana lulluɓewa da ƙasa, daga bangon nan da wancan har suka haɗu a tsakiya. Irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na birnin Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, sai dai namu ƙarami ne. Baffa yakan kai yaransa can su tsaya su kalli bakunan, ba ya ce musu komai, in sun dawo ya tambaye su abin da suka gani. A kan azara a shimfiɗa zana, a bi da ƙasa hawa-hawa, a karkata ta wajen indararo. Indararo kuma ya fito da nisa. In ya gajarta, ruwan yana zuba a gindin bango, shi ne mafarin rushewar yawancin gidajen ƙasa, ba tsufa ba. Na leƙa na ɗakin Inna. An canza shi da wani guntun kwano, ko kamu ɗaya bai kai ba. A daidai ƙarƙashinsa filastar ta zubo.

Yaya ya gani shi ma. Bai ce komai ba.

Duk bazara, da ɗorawa ta nuna mata suka fara fasa ta don kalwar daddawa, Baffa zai aika ƙauye a tara masa ɓawon. Makuba ke nan. A daka, a jiƙa a tukunya har ruwan ya yi ja wur, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, a shafe bango da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa. Ruwa sai ya zame a kai, amma bangon yana shan iska. Rufi da rawani kuwa laso yake yi musu in hali ya yi: katsi daga marina, gashin jima daga majema, ruwan dafara da aka daka aka jiƙa. Wannan yakan ɗauki shekaru. Kafin ya taɓa gidan kowa a unguwa, nasa yake fara gamawa, kuma a nasa ɗakin Inna ne farko, sai na Goggo, sai na yara, turakarsa a ƙarshe. Akwai shekarar da ruwan farko ya riske shi bai kai ga turakar ba, ya kwashe kwanaki yana kwana a zaure, yana cewa ai zauren ya fi iska.

Gidan nan ma a haka ya girma. Ba a zana shi a takarda ba. Duk wanda zai yi aure, Baffa zai auna gefe da ƙafa ya fara tara ƙasa tun kaka. Da mijin Goggo ya rasu, bai tambaye ta ko za ta dawo ba, sai ta ji labari ana ɗora ɗaki a kusa da rijiya, ƙofar tana kallon ta Inna don su riƙa hira. Madafar Inna ya buɗe mata ƙananan tagogi biyu a sama, ɗaya gabas ɗaya yamma, saboda hayaƙi yana sa ta tari. Dokin ƙofar ɗakin Kaka ya sassare shi ya yi ƙasa da ta fara jan ƙafa. Dakalin ƙofar gida da tsofaffin unguwa ke zama a kai da la'asar, su suna ganin don su aka yi, alhali gindin bango yake karewa daga ruwan lungu. Ko da yake da Baffa ne zai ce duka biyun.

Kada a ce bai san siminti ba. Rabin gidajen bulo na layin nan shi ya fitar musu da harsashi. Buhu ɗaya mai kilo 50 ba ya yarda a buga masa bulo mai inci 9 fiye da 35 da shi, kuma sai an yi mako ana ba bulon ruwa safe da yamma. In an kawo na kasuwa, yakan ɗaga ɗaya daidai ƙirji ya sake shi. Ya ruguje, motar ta koma da kayanta. Kankaren linta: buhu ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi mai kaifi, 8 na tsakuwa, ruwa kaɗan-kaɗan, ba irin kunun da leburori ke so don ya yi sauƙin zubawa ba. Abin da ya ƙi kawai shi ne haɗa ƙasa da siminti a bango ɗaya. Na ga birkilan yana gyaɗa kai a wannan wajen, har ya ce, "Baba, yanzu fa har 50 ake bugawa." Tsoho ya ce ya sani.

Yaya ma yana da gaskiyarsa, dole a faɗa. Kududdufin da aka ɗebi ƙasar bangon nan an cike shi da shara an yi shaguna a kai. Yanzu sai an sayo ƙasa a tifa daga bayan gari. Azara ta yi tsada, mai kyan ma sai an sha nema. Marina nawa suka rage da za a samu katsi? Masu iya yaɓen makuba duk sa'o'in Yaron Baffa ne, ba wanda zai iya hawa tsani a cikinsu. Mu da muka tashi a gidan muna iya bayanin aikin tiryan-tiryan, kamar yadda nake yi yanzu, amma a cikinmu ba mai hannun. Baffa ya sa kowa a makaranta, ya hana kowa taka ƙasa sai ranar hutu, yana alfahari da haka. Da Inna ta ce "ai shi ne", ban san ko da Yaya take ba, ko da mu duka, ko da shi marigayin.

Da la'asar yara suka dawo daga islamiyya suka hau tsallake ɓaraguzan simintin, Inna ta kore su. Wuta ba ta zo ba. Tuwon dare miyar kuka.

An tsaya a kan haka: ba za a ture ba. Birkila zai ɓamɓare simintin bangon gabas gaba ɗaya, a hankali, da hannu, ban da babbar guduma. A bar bangon ya sha rana in hadari ya ƙyale mu. A kankare duk inda ya yi laushi, a yayyafa ruwa, a cike da sabuwar ƙasa mai ramno kaɗan-kaɗan, kowane hawa ya bushe kafin na gaba, don in aka lafta da kauri lokaci ɗaya zai zamo. A mayar da dogon indararo. Yaron Baffa zai zauna a inuwa yana nunawa, birkila na shafawa. Shi birkilan ya ce bai taɓa yi ba amma zai gwada, kuɗin yini dai kamar na filasta. Yaya ya ce za a duba.

Sauran bangaye uku ba wanda ya tayar da maganarsu, su ma duk siminti ne a jikinsu.

Gobe Auta zai tafi ƙauye wajen dangin Inna neman makuba, buhu biyu in an samu. An ce ya kama hanya da sassafe kafin rana ta yi zafi. Auta da sassafe. Allah ya jiƙan Baffa, da yana nan da tuni makubar tana cikin tukunya.