Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Injin Kawu Ya Sake Tashi

A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya aiko in je in ɗauke injinsa na yankan katako, irin na hannu mai sarƙa, daga ɗakin ajiya, tunda shi ƙarfi ya ƙare, cikin 'ya'yansa kuma babu wanda ya gaji sana'ar. Kafin nan ina da 'yan tsofaffin injina da na tsinto wajen 'yan gwangwan, amma babu wanda ya taɓa min zuciya kamar wannan, domin da ƙararsa na tashi.

Stihl 070 ne, irin na farkon fitowa, mai launin ruwan lemo da toka. Wanda bai san asalin waɗannan injina ba zai ɗaga shi ya ce nauyinsa ya yi yawa. Da ya ga na kakanninsa da bai faɗi haka ba. Injin fetur da Andreas Stihl ya fitar a Jamus a 1929 kilo 46 ne, sai mutum biyu sun kama, ɗaya a kai ɗaya a wutsiya. Na Emil Lerp, mai kamfanin Dolmar, wanda ya riga shi da shekara biyu, ya ma fi shi nauyi. Sai bayan yaƙin duniya na biyu aka samu wanda mutum ɗaya zai rungumi kayansa ya shiga daji: kamfanin McCulloch a Amurka ya fitar da samfurin 3-25 a 1949, Stihl kuma ya kawo Contra a 1959, kilo 12 da ƙarfin doki 6. Daga tsatson Contra ɗin nan 070 ya fito a 1968, da injin cc 106.

Na same shi cikin buhu, sarƙar ta yi tsatsa ta manne da ƙarfenta, tankin yana warin ruɓaɓɓen fetur. Kafin in kwance ko ƙusa ɗaya sai da na ja igiyar a hankali, na ji tana turjewa, tana neman ƙwace hannuna. Raina ya yi fari, don injin da ke turjiya haka bai mutu ba. Na cire salansa na haska tocila ta ramin hayaƙi, na ga fistin sumul, babu zane ko ɗaya. Shekara da shekaru Kawu yana aiki da shi, amma bai taɓa yi masa rowar mai ba. Kashi ɗaya na mai cikin kashi 25 na fetur yake haɗawa, da gwangwanin awo da ba ya bari kowa ya taɓa. Man zamani ya fi na da kyau, shi ya sa yanzu ake ɗaya cikin 50, amma ni a tsofaffin nan har yau ina ɗan ƙara hannu.

Wuta ce ta fara ba ni aiki. Na zare fulawil, na tarar da kwantak, wato ɗan makunnin da ke haɗa wuta yana yankewa, ya yi baƙi ƙirin. Na goge bakinsa, na saita tazarar a milimita 0.4, na canza kwandansa, 'yar na'urar da ke hana kwantak ƙonewa, sannan na jingina fulogi a jikin injin na ja igiya. Wuta shuɗiya ta yi tsalle, tas! Abin da ke sa ni ƙaunar injinan wancan zamani ke nan: duk abin da ya lalace ana ganinsa da ido, ana gyara shi da sifana da sukudireba da haƙuri. Waɗanda suka ƙera su sun sa a ransu cewa wata rana wani zai buɗe a tsakiyar daji, nesa da kowane gareji.

Kafireta kuwa, 'yar fatar da ke cikinta ta bushe ta yi ƙamas kamar busasshen ganye. Wannan 'yar fata ba ta kai tafin jariri ba, amma ita ta sauya sana'ar gaba ɗaya. Injinan farko kafiretarsu mai tulun mai ce, da an kwantar da su a gefe sai su shaƙe su mutu, dole a juya ƙarfen sarƙar a bar injin a tsaye. Da aka samu mai fata, irin ta kamfanin Tillotson, wadda bugun iskar cikin injin ke motsawa tana tura mai, sai ya zama ko a kife aka riƙe injin zai ci gaba da aiki. Na sa sabuwa, na kuma canza robobin da ke toshe bakin karanshaf ta gefe biyu. Su ne makasan tsofaffin injina: in suka tsufa iska na kutsawa, mai ya yi ƙaranci, zafi ya hau, fistin ya narke ta wajen salansa, mai injin yana ta murna wai ya ƙara gudu.

Da na kankare dusar katako da ta daskare a ƙasan jikinsa, na ga inda danshi ya ci ƙarfen ya bar farin gari. Jikin na maganiziyam ne, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, sai dai ya riƙa rududdugewa a ɓoye. Na tsaftace na shafe wurin, amma ban yi masa fenti ba. Akwai masu tara injina da ke fesa musu sabon fenti su jera a kanta, ba sa ko zuba musu mai. Ban ga laifinsu ba, sai dai ni ba zan iya ba. A marikin injin nan akwai wurin da hannun hagun Kawu ya cinye har ya yi santsi yana ƙyalli. In na rufe wannan da fenti, me kuma na ajiye?

Sarƙa sabuwa na saya masa, amma na bi haƙoranta ɗaya bayan ɗaya da zagayayyen magagari mai milimita 5.5, a karkace digiri 30, yadda ya koya min ina yaro. Lanƙwasasshen haƙorin nan wani Ba'amurke mai saran itace, Joseph Cox, ya ƙirƙiro shi, bayan ya zauna ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin kututture. A 1947 ya fara ƙera shi a birnin Portland, asalin sarƙar kamfanin Oregon ke nan.

Ranar da na kai masa, yana zaune a inuwa, hannayensa a kan gwiwa. Yatsun nan sun daɗe da daina jin abu sosai, in sanyi ya shigo har fari suke yi, maɓallin riga ma sai an sa masa. Kunnensa na dama kuwa ya tafi. Aikin injin ne. Nasa ba shi da robobin da ke rage girgiza, ba shi da birkin sarƙa, wanda sai a 1972 Stihl ya fara sawa, toshin kunne kuma ko labarinsa ba su ji ba. Duk mai sha'awar tsofaffin injina ya kamata ya san abin da suka ci a jikin masu su, kuma kada ya miƙa irinsu ga ɗan koyo.

Na danna maɓallin rage matsi, na taka marikin baya, na ja. Ya yi tari, ya kama, hayaƙi ya turnuƙe. Na ɗaga murya na ce, "Kawu, kun ji shi?"

Bai amsa ba. Ya yafito ni, na matsar da injin gabansa, ya ɗora tsintsiyar hannunsa a kan murfin, tunda yatsun ba sa gaya masa komai. Ya ce in ba shi wuta. Na ba shi. Ya girgiza kai.

"Ɗan nan, yana shan iska. Buɗe masa na sama kaɗan. In babu itace a bakinsa, so ake ya riƙa gurnani, sai ya shiga katako muryar ta washe."

Na murɗa ƙusar kafireta da ke da alamar H, wato na saman da yake nufi, baya kaɗan don mai ya ƙaru. Kukan ya yi kauri, ya koma irin wanda na sani tun ina ɗaukar masa galan. Muka sa shi a wani gungume da ke gefe, yana nutsewa muryar ta washe, dusa manya-manya tana zubo min a ƙafa. Kawu ya sa aka ɗebo masa, ya murza a tafinsa ya duba, ya ce wasan sarƙar ya yi, amma haƙoran hagu sun fi na dama tsawo, in sake bi.

A ranar ce kuma ya gaya min cewa abokin aikinsa na da, wanda suka yi rikici suka rabu tun kafin a haife ni, yana da wani McCulloch ruwan ɗorawa da ya rantse ba zai sayar wa kowa ba. Yadda na je wurin dattijon nan, da abin da ya ce da ya ji ko ni ɗan wane ne, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.